Kirsimeti: Me ya haɗa yabo cikin tawali'u, kusancin Allah da hidimar mabukata?

A watan Yulin 2023 shugaban Yukren, Volodymyr Zelensky, ya sa hannu a dokar da ta ɗage hutun Kirsimeti daga 7 ga Janairu ta mayar da shi 25 ga Disamba. Cocin Otodoks na Yukren da cocin Katolika mai bin tsarin gabas a ƙasar su ma sun sauya kalanda daga 1 ga Satumba na shekarar, yayin da reshen da ke da tsohuwar alaƙa da Mosko ya tsaya a kan 7 ga Janairu. Labarin ya bar masu karatu da tambayar da ta wuce siyasa: in har ana iya matsar da ranar da alƙalami, mene ne ainihin abin da ake yi wa biki? Kuma me ya sa majami'un da ba su yarda da juna a kan rana ba, wa'azinsu a wannan lokaci yake komawa kan abu uku iri ɗaya, wato yabon Allah da ƙanƙan da kai, kusancinsa ga mutane, da yi wa mabukata hidima?

A koyarwar Kirista ranar ba ta cikin ginshiƙan bangaskiya. Waɗannan ukun kuwa suna ciki, kuma ɗaya ne ke haifar da ɗaya.

## Wane lokaci ake nufi

Littafi Mai Tsarki bai faɗi rana ko watan da aka haifi Yesu ba. Shaida mafi daɗewa ta bikin 25 ga Disamba tana cikin wata kalandar birnin Roma da aka haɗa a shekarar 354, wadda jerin da ke cikinta ya koma 336. Masana tarihi sun kasu biyu a kan dalilin zaɓen ranar. Wasu sun ce an ɗora ta ne a kan bikin bautar rana na Romawa. Wasu sun ce lissafi ne: an ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar ɗaukar ciki, aka ƙirga wata tara.

Bambancin Disamba da Janairu kuwa na kalanda ne kawai. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara tsohuwar kalandar Yuliyus, amma wasu majami'un gabas suka ci gaba da ita. Tazarar yanzu kwana 13 ce, don haka 25 ga Disambarsu take faɗowa a 7 ga Janairu, kamar yadda ake gani a Rasha da Sabiya. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha su ma 7 ga Janairu suke yi bisa nasu lissafin. Armeniyawa kuma sun riƙe tsohuwar al'adar 6 ga Janairu, inda suke haɗa haihuwar Yesu da baftismarsa a biki guda.

Lokacin ya fi kwana ɗaya nesa ba kusa ba. A majami'un yamma akwai Lahadi huɗu na shiri da ake kira Adbent, daga kalmar Latin mai nufin zuwa, kuma yana farawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Otodoks suna azumin kwana 40 daga 15 ga Nuwamba, Kibɗawa na kwana 43. Bayan ranar kanta akwai kwana goma sha biyu da ke kaiwa ga 6 ga Janairu. Ke nan wanda ya ɗauki Kirsimeti a matsayin yini guda na ci da sha ya ga ƙarshen abin ne, bai ga farkonsa ba.

## Me ake nufi da kusanci

Kalmar da ta ɗauke nauyin batun ita ce Immanuwel. Ibrananci ce mai gaɓa biyu: immanu, tare da mu, da El, Allah. Ta fara fitowa a Ishaya 7:14, a maganar da aka yi wa sarki Ahaz na Yahuza a ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu, lokacin da maƙwabta suka haɗa kai za su auka masa. Matiyu 1:23 ya ɗauko ayar ya ɗora ta a kan haihuwar Yesu, kuma ya rufe bisharar tasa a 28:20 da alkawarin kasancewa tare da almajirai har ƙarshen zamani. Malaman Yahudawa ba su karanta ayar haka ba. A wurinsu kalmar Ibrananci almah na nufin matashiya, alamar kuma ta zamanin Ahaz ce. Kiristoci sun bi tsohuwar fassarar Girkanci wadda ta yi amfani da kalmar budurwa.

Cewa Allah yana kusa da bayinsa ba magana ce ta Kirista kaɗai ba. Zabura cike take da ita. Alƙur'ani ma ya faɗa, a Suratul Baƙara aya ta 186 da Suratu Ƙaf aya ta 16. Inda koyarwar Kirista ta keɓanta shi ne a da'awar Yahaya 1:14, cewa Kalman, wato Almasihu, ya zama mutum ya zauna cikin mutane. Fi'ilin Girkanci da aka fassara da zama yana da tushe ɗaya da alfarwa, wato kamar a ce ya kafa tantinsa a cikin zango. A nan ne Musulunci ya raba hanya. Musulmi suna girmama Annabi Isa, sun yarda an haife shi ba tare da uba ba kamar yadda Suratu Maryam ta kawo, amma ba su yarda Allah ya zama mutum ba. Kusancinsa a wurinsu na ilimi ne da ji da amsa addu'a. Wannan saɓani na tushe ne, ba na lafazi ba, kuma ɓoye shi ba ya taimakon kowane ɓangare.

Su kansu Kiristoci sun ɗauki ƙarni da dama suna daidaita bayanin. Taron Nikiya na 325 ya tabbatar da allahntakar Almasihu, na Afisa a 431 ya tattauna laƙabin Maryamu na mahaifiyar Allah, na Kalsidon a 451 ya ce ɗabi'a biyu ce, ta Allah da ta mutum, a cikin mutum ɗaya. Kibɗawa, Habashawa, Armeniyawa da Suriyawa ba su karɓi lafazin Kalsidon ba, ko da yake sun riƙe cewa shi cikakken Allah ne kuma cikakken mutum.

Abin da ya shafi batunmu shi ne sigar da kusancin ya ɗauka a labarin. Luka 2 ya ce an kwantar da jaririn a komin dabbobi domin babu wuri a masauki. Waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne masu kwana a fili. Da iyayen suka je Haikali, hadayarsu 'yan kurciyoyi biyu ce ko tantabaru, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya keɓe wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Filibiyawa 2:5-11 ya tattara wannan duka a kalma ɗaya: ya wofintar da kansa, ya ɗauki surar bawa.

## Yabon da ke sunkuyar da kai

Surori biyu na farkon Luka suna ɗauke da waƙoƙi huɗu: ta Maryamu (1:46-55), ta Zakariya (1:68-79), ta mala'iku (2:14) da ta dattijon da ya karɓi jaririn a Haikali (2:29-32). A tsarin addu'ar yau da kullum na Katolika ana rera ta Zakariya da safe, ta Maryamu da yamma, ta dattijon kafin barci. Ta mala'iku kuwa, wadda ke buɗewa da ɗaukaka ga Allah a sama, ana dakatar da ita a Lahadin Adbent, sai daren Kirsimeti a dawo da ita. Dabara ce ta koyarwa: a hana kunne abin da ya saba, domin ya ji shi sabo.

Waƙar Maryamu ita ce ma'aunin abin da ake kira yabo cikin tawali'u, kuma ana yawan karanta ta a karkace. Kalmar Girkanci da ta yi amfani da ita a kan kanta, tapeinosis, ba ta nufin halin kirki na sauƙin kai. Tana nufin ƙasƙantaccen matsayi. Ba cewa take yi Allah ya ga tawali'unta ya saka mata ba. Cewa take yi ya dubi wadda ba a duba. Daga nan kusan duk fi'ilan waƙar na Allah ne: shi ya warwatsa masu girman kai, ya sauke masu iko daga karagunsu, ya ɗaga ƙasƙantattu, ya ƙosar da mayunwata, ya sallami mawadata hannu wofi. Ginin waƙar ya yi kama ƙwarai da addu'ar Hannatu a 1 Sama'ila 2.

Daga nan masu koyarwa suke fitar da gwaji mai sauƙi: a kowace waƙa ko shaida da aka bayar a majami'a, wane ne mai aikatawa a jimlolin? In mai magana ne, da nasarorinsa da abin da ya samu a bana, to yabon ya juya baya ko da an ambaci sunan Allah sau ɗari. Haka ma tsarin sujada. Ƙungiyar mawaƙa da ta zaɓi waƙoƙin da jama'a ba za su iya bi ba ta mayar da su 'yan kallo. Jerin sunayen masu ba da gudummawa da adadin kuɗinsu, a karanta daga kan bagade, ya ci karo da Matiyu 6:1-4 da ya hana busa ƙaho a gaban sadaka, da Yakubu 2:1-4 da ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya kujerar gaba su tura talaka tsaye.

A Baitalami, kimanin kilomita 10 kudu da Urushalima, ƙofar shiga Majami'ar Haihuwa tsayinta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, babu baligin da zai shiga bai duƙa ba. Ana kiranta Ƙofar Tawali'u. Gaskiyar tarihi ita ce an rage ta ne don hana shiga da dawakai da amalanke. Ma'anar ta zo daga baya. Amma ta zauna daram, shi ya sa ba a rabu da ita ba.

## Daga komin dabbobi zuwa tebur

Hujjar da ta haɗa kusanci da hidima tana Matiyu 25:31-46. A can Almasihu ya ɗaura kansa da mutum shida: mayunwaci, mai ƙishirwa, baƙo, marar sutura, majinyaci da ɗan kurkuku, ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta a cikinsu shi aka yi wa. In haka ne, to kusancin da ake waƙa a kansa yana da adireshi, kuma adireshin ba cikin majami'a kaɗai yake ba. Al'adar coci ta ƙara na bakwai, binne mamaci.

Kalandar kanta tana faɗin haka. Kashegarin Kirsimeti a majami'un yamma, 26 ga Disamba, ranar Istifanas ce, ɗaya daga cikin mutum bakwai da aka zaɓa a Ayyukan Manzanni 6 don gyara rabon abinci bayan an yi ƙorafin ana tsallake matan wani ɓangare da mazansu suka rasu. Bisa al'adar coci, ofishin dikin, wato mai kula da hidimar ikilisiya, ya samo asali daga wannan ƙorafi na son kai a rabo. Ranar 6 ga Disamba kuma ta Nikolas ce, bishop na Mira a ƙarni na huɗu, wanda labarin gargajiya ya ce ya jefa wa wani talaka zinariya cikin dare don aurar da 'ya'yansa mata ba tare da an gan shi ba. Daga gare shi aka samo Santa Claus, dattijon nan mai jan kaya da ke tallata hajoji a yau, wanda kowa ke gani.

Wasu al'adun lokacin ma daga hidima suka tsiro. Zoben kyandirori na Adbent Johann Hinrich Wichern ne ya fara shi a 1839 a gidan marayu da yaran talakawa da ke Hamburg, don yaran su riƙa ƙirga kwanaki. Faransis na Assisi ya shirya komin dabbobi na gaske a Greccio a 1223 don mutane su ga talaucin haihuwar da idonsu. Jar tukunyar tara kuɗi ta ƙungiyar Kirista mai aikin agaji, Salvation Army, ta fara a San Francisco a 1891. Ƙungiyar Sant'Egidio kuma tun 1982 take shimfiɗa tebura a cikin majami'ar Santa Maria da ke Trastevere a Roma ranar 25 ga Disamba, ta zauna ta ci tare da marasa gida.

## Inda ɗariku suka sha bamban

Babu ɗarikar da ta ce kada a taimaki mabukaci. Saɓanin a kan matsayin aikin ne. Furotesta suna tsayawa a kan Afisawa 2:8-9, cewa ceto ta alheri ne ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba. Hidima 'ya'yan itace ce, ba saiwa ba. Martin Luther a wani rubutunsa na 1520 ya ce Kirista 'yantacce ne da ba ya ƙarƙashin kowa, kuma bawa ne ga kowa. Katolika suna jaddada Yakubu 2, cewa bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, kuma alherin Allah yana aiki a cikin mutum har ayyukansa su zama da lada. Otodoks suna ɗaure sadaka da azumi: abin da aka rage daga ciki a kwana arba'in ɗin shi ne ya kamata ya koma hannun wani. Ranar 31 ga Oktoban 1999, a Augsburg, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mutum, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke kiransa ga ayyuka nagari. Tazarar ta ragu, ba ta rufe gaba ɗaya ba.

Akwai kuma masu ƙin bikin. Shaidun Jehobah ba sa yi. Majalisar Ingila ta soke shi a 1647 har zuwa dawowar sarauta a 1660, a Massachusetts da ke Amurka ta yau kuma daga 1659 zuwa 1681 tarar sule biyar ce a kan wanda aka kama yana yi. Hujjar masu hanin biyu ce: Nassi bai umarta ba, kuma shaye-shaye da almubazzaranci sun mamaye shi. Masu bikin suna amsawa da Romawa 14:5-6, da ya bar keɓe rana ga lamirin mutum. Hujja ta biyu kuwa ba su cika musa ta ba.

## Yadda ake tsara hidimar, da inda take lalacewa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ikilisiyoyin da aikinsu ke tafiya daidai suna farawa mako huɗu zuwa shida kafin ranar, kuma da tambaya suke farawa, ba da sayayya ba. Mutum biyu, ba ɗaya ba, su ziyarci gida su ji abin da ake bukata. Tsarin da ƙungiyar Vincent de Paul da aka kafa a Paris a 1833 take bi ke nan. Biyun kariya ce ga mai ziyara da wanda aka ziyarta, musamman inda akwai yara ko mace ita kaɗai. Abin da ake ji sau da yawa ba shi ne abin da kwamiti ya zata ba: bashin haya, maganin da ya ƙare, kuɗin makaranta na zangon Janairu. Inda aka tsallake wannan mataki, sai a tara tulin tsofaffin tufafi da ba su yi wa kowa daidai ba, a kuma kashe lokaci da kuɗin mota wajen rarraba abin da ba a nema ba.

Jerin sunaye shi ne wuri na biyu da ake tuntuɓe. Wanda ya fi bukata sau da yawa shi ya fi jin nauyin faɗa, mai baki kuma ya shiga jeri uku. Maganinsa a rubuta sharuɗɗa kafin a rubuta sunaye, a bar jerin a hannun mutum biyu ko uku, a kuma duba ko duk waɗanda ke ciki 'yan uwan 'yan kwamiti ne. Luka 14:12-14 ya ce a gayyaci waɗanda ba za su iya ramawa ba. Sharaɗin sai mutum ya zauna ya saurari wa'azi kafin a ba shi kunshinsa batu ne da ake jayayya a kai: wasu na ganin bishara ce mafi girman kyauta, wasu na ganin hakan ya mayar da yunwar mutum igiyar jansa. Manyan ƙungiyoyin agaji na coci, irin su Caritas, ƙa'idarsu ita ce bukata ce ma'auni, ba addini ba.

Kuɗi: mutum biyu su ƙirga baiko, biyu su sa hannu a fitarwa, a karanta wa jama'a jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita ba tare da sunan wanda ya bayar ko wanda ya karɓa ba. Wannan ba rashin yarda ba ne. Bulus da kansa, a 2 Korintiyawa 8:18-21, ya ƙi ɗaukar gudummawar da aka tara wa mabukatan ikilisiyar Urushalima shi kaɗai, ya nemi wakilan da ikilisiyoyi suka zaɓa su raka ta. A 1 Korintiyawa 16:2 kuma ya ce kowa ya riƙa ware wani abu kowace ranar farko ta mako, don kada a yi tarin gaggawa in ya iso.

In za a dafa wa jama'a, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ko cikin firji ba, kuma tsofaffi da yara su ne suka fi jin jiki in aka saɓa. Kurkuku da asibiti suna da dokar shiga da jerin abin da aka hana, don haka a rubuta takardar neman izini da wuri. Majinyaci kuma a tambaye shi kafin a cika masa ɗaki da waƙa.

Sai hoto. Wayar hannu ta mayar da gori sana'a mai sauƙi. Fuskar uwa tana karɓar buhu, an watsa ta a Facebook, tana nan shekaru bayan buhun ya ƙare, 'ya'yanta da maƙwabtanta suna gani. Masu kare ɗaukar hoto suna cewa shaida ce ga masu ba da gudummawa, kuma tana jawo wasu su bayar. Bukatar gaskiya ce, amma rasit da hoton kayan a jibge suna biya ta ba tare da fuskar kowa ba.

## Abin da ke isa ga talaka

Ga iyali mai ƙaramin ƙarfi, koyarwar tana da amfani na zahiri in an ɗauke ta da gaske: tana cire masa nauyin cin bashi don sabbin kaya da kyaututtukan fita kunya, tunda ma'aunin 2 Korintiyawa 8:12 shi ne abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Inda aka bar gasar ado ta yi sarauta kuwa, waɗanda suka fi bukatar zumunci su ne ke ƙauracewa sujadar ranar, don kada a ga abin da suka sa.

Akwai kuma waɗanda lokacin ya fi yi wa nauyi ba don aljihu ba: wanda ya yi rashi a cikin shekarar, tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa, ma'aikacin jinya ko mai gadi da ke bakin aiki, ɗan gudun hijira. Su ziyara suke bukata fiye da kunshi. Wasu majami'u a Amurka da Birtaniya suna keɓe sujada mai natsuwa ga masu makoki a wajajen 21 ga Disamba, daren da ya fi tsawo a yankinsu. Labarin kansa yana da gurbinsu: 28 ga Disamba ranar tunawa da yaran da Hirudus ya sa aka kashe ce, kuma Matiyu 2 ya nuna iyalin Yusufu suna gudun hijira zuwa Masar.

Matsalar da ta fi kowacce maimaituwa ita ce ta Janairu. Gudummawa da 'yan sa kai suna cunkushewa a mako biyu na Disamba, har gidan marayu ɗaya ya karɓi tawaga da dama a yini guda, sannan ƙafa ta ɗauke daidai lokacin da haya da kuɗin makaranta suka taso. Kwamitin da ya san wannan yana ware wani kaso na abin da aka tara, misali kashi ɗaya cikin uku, ya riƙe shi har Fabrairu ko Maris, ya kuma rubuta ranar ziyara ta biyu da sunayen mutum biyun da za su je tun kafin a yi ta farko.